NNPC: Kamfanin da aka kafa don ƙwato mai daga hannun baƙi

A ranar 1 ga Afrilu, 1977, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta fitar da doka mai lamba 33, wadda ta narkar da hukumomi biyu wuri guda: kamfanin mai na ƙasa da aka kafa a 1971, da ma'aikatar albarkatun man fetur. Abin da wannan haɗi ya haifar shi ne NNPC. Kanar Muhammadu Buhari, kwamishinan tarayya mai kula da harkar mai, shi ya fara shugabantar hukumar gudanarwarsa, aka kuma naɗa Festus Marinho manajan darakta.

Tun daga lokacin, da wuya a sami wata hukumar gwamnati da ta shiga aljihun talaka kamar wannan kamfani. Manomin rani a kowane ƙauye na ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, a jihar Kebbi, bai taɓa ganin rijiyar mai ba. Amma jarkar da yake ɗura wa injin ban ruwa, da kuɗin motar da ke kai albasarsa Kudu, da albashin malamin firamaren garinsu, duk sun ratso ta hannun NNPC. An kafa kamfanin ne domin ya karɓe ragamar mai daga turawa, kuma ya karɓa cikin ƙasa da shekara goma. Wanda zai karɓi lissafi daga hannunsa shi kansa, shi ne aka manta ba a tanada ba.

Lokacin da doka ta ce mai na Ingila ne

A 1914, shekarar da Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, turawan mulkin mallaka suka kafa dokar man ƙasa. Jigonta gajere ne: ba a ba kowa lasisin neman mai a Najeriya sai ɗan Birtaniya, ko kamfanin da 'yan Birtaniya ke riƙe da akalarsa. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Ingila ta sayi fiye da rabin hannun jarin kamfanin da ke haƙar mai a Iran, domin ta sauya jiragen ruwanta na yaƙi daga kwal zuwa mai. Wannan kamfani, wanda asalinsa yarjejeniyar da William D'Arcy ya ƙulla da Sarkin Farisa ce a 1901, shi ne ya zama BP daga baya. Reshensa ne ya haɗa gwiwa da Shell suka kafa Shell D'Arcy, aka ba su lasisi a 1938 wanda ya game Najeriya kakaf, daga bakin teku har iyakar Nijar.

Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin, aka dawo bayansa. A 1956 aka dace da mai a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yau, kuma a shekarar ce kamfanin ya koma Shell-BP. Jirgin farko ya ɗauki ɗanyen man Najeriya a 1958, lokacin ana fitar da ganga 5,100 kacal a rana. Arewa ma an leƙa ta: kamfanin Mobil na Amurka ya sami izinin bincike a nan a 1955, ya yi 'yan dube-dubensa, ya tattara ya nufi Kudu.

Dokar haraji ta 1959 ta ce a raba riba biyu tsakanin gwamnati da kamfani. A kunne rabon ya yi daɗi. Sai dai wanda ke haƙa shi ke aunawa, shi ke sayar wa 'yan'uwansa kamfanoni a Turai, shi kuma ke faɗin ribar da za a raba. Gwamnati ba ta da injiniyan da zai musanta, ba ta da jirgin da zai ɗauka, ba ta san mai saye ba. Haka aka sami 'yancin kai a 1960.

Shugabannin wancan zamani sun san abin da ke iya samun wanda ya yi gaggawa. Meziko ta ƙwace kamfanonin mai na Ingila da Amurka a 1938 ta kuma tsira da abinta, amma labarin Iran ya fi kusa a zukata. A 1951 Firayim Minista Muhammad Musaddak ya mai da man Iran mallakar ƙasa. Ingila ta janye ma'aikatanta daga matatar Abadan, ta sa aka ƙaurace wa man Iran a kasuwannin duniya, har baitulmali ya bushe. A watan Agustan 1953 hukumomin leƙen asirin Amurka da Ingila suka shirya juyin mulkin da ya kifar da shi. Bayan shekara guda aka sake raba man Iran, kamfanin Ingila ya sami kashi 40 cikin ɗari, na Amurka suka sami kashi 40. Duk mai gemu a ƙasashen mai sai da ya shafa wa nasa ruwa.

Darasin yaƙin basasa

Najeriya ta ɗauki nata darasin a gida. A 1966 ana fitar da ganga sama da 400,000 a rana, kusan kashi biyu cikin uku daga Lardin Gabas, mafi yawa kuma a hannun Shell-BP. Da Ojukwu ya ayyana Biyafara a watan Mayun 1967, sai ya nemi a riƙa biyansa kuɗin haƙƙin ƙasa. Kamfanin ya tsaya tsaka-tsaki yana duban inda iska za ta kaɗa, har ya yi alkawarin ba Biyafara fam 250,000 a matsayin somin-taɓi. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta mayar da martani da toshe hanyar jiragen mai, kuma a watan Yuli sojojinta suka kama tsibirin Bonny, inda ake lodin ɗanyen mai. Wannan na cikin manyan nasarorin farko na yaƙin.

Ƙasashen waje ma kowa ya duba tukunyarsa. Ingila ta ɗan yi jinkiri kafin ta tsaya wa Legas. Tarayyar Sobiyet ta kawo jiragen yaƙi. Faransa, wadda kamfaninta na Safrap ke da rijiyoyi a yankin, ta karkata ga Biyafara. A 1968 man da ake fitarwa ya faɗo ƙasa da ganga 150,000 a rana.

Tun kafin a ajiye makamai, gwamnati ta fitar da dokar man fetur ta 1969, wadda ta ce duk man da ke ƙarƙashin ƙasa da na ruwan Najeriya mallakar ƙasa ne. Jami'an da suka ga yadda kamfani guda ya kusa zama mai raba gardama tsakanin Legas da Enugu ba su ƙara yarda a bar arzikin ƙasa a hannun mai lasisi shi kaɗai ba.

1971: kamfanin farko da shiga OPEC

Ƙasashe biyar ne suka kafa OPEC a Bagadaza a watan Satumban 1960: Iran, Iraƙi, Kuwait, Saudiyya da Benezuwela. A 1968 ƙungiyar ta zartar da ƙudurin da ya nemi kowace ƙasa ta mallaki kaso a kamfanonin da ke haƙar manta na fetur. Ƙasar da ke son shiga wannan sahu tana buƙatar hukumar da za ta riƙe mata kason. A watan Afrilun 1971 aka kafa kamfanin mai na ƙasa, NNOC, a watan Yuli kuma Najeriya ta zama ƙasa ta goma sha ɗaya a OPEC.

Da Safrap aka fara, aka karɓi kashi 35 cikin ɗari, kuma babu wanda bai gane dalilin da ya sa aka fara da Bafaranshe ba. A Agip na Italiya aka karɓi kashi ɗaya cikin uku, bisa damar da yarjejeniyar 1962 ta riga ta bayar. A 1973 aka shiga Shell-BP da Gulf da Mobil da kashi 35, a 1974 aka ɗaga zuwa 55. Zamani ne da kowa ke miƙa hannu. Aljeriya ta karɓi kashi 51 na kamfanonin Faransa a 1971, Libiya ta ƙwace BP a ƙarshen shekarar, Iraƙi ta bi a 1972, Benezuwela a 1976. Abin da ya ci Musaddak shi kaɗai, yanzu ƙasashe da yawa ke yinsa tare, kuma kasuwa tana hannun mai sayarwa. Shettima Ali Monguno, wanda ke riƙe da ma'aikatar ma'adinai da lantarki, har shugabancin taron OPEC ya yi a wannan tsakani.

Yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973 ya ɗaga ganga daga kusan dala uku zuwa kusan dala goma sha biyu cikin 'yan watanni. Najeriya ba ta shiga takunkumin Larabawa ba, ta ci gaba da sayarwa, kuɗi suka yi ta kwarara. Aka yi ƙarin albashin Udoji, aka yi odar siminti har ɗaruruwan jirage suka cunkushe tashar Legas a 1975. Gidajen mai ma aka shiga: na Shell suka koma National, na Esso suka koma Unipetrol.

Amma NNOC ba ta da ƙafar kanta. Manyan ma'aikatar ne ke juya ta, ayyukansu suna cin karo, ga ƙarancin ƙwararru. Maganin da aka gani a 1977 shi ne a haɗe su. Nan aka dasa wata matsala da ta daɗe tana bin kamfanin: sashen sa ido kan kamfanonin mai ya koma cikin NNPC, wato mai ciniki shi ne kuma mai duba mudu. Dokar ta kuma ba shi damar cire kuɗin hidimarsa daga abin da ya samu. Kuma duk da kaso mai rinjaye da gwamnati ta riƙe, kamfanonin waje ne aka bar wa gudanar da aikin rijiyoyi. Nasu ne injina, nasu ne masu tsara kasafi. NNPC na biyan nasa rabon na kuɗin aiki, yana kwasar nasa rabon na ɗanyen mai.

Daren da aka sallami BP

Kuɗin mai ya ba Najeriya baki a siyasar Afirka. Janar Murtala Muhammad ya amince da gwamnatin MPLA a Angola a 1975, ya kuma yi fatali da wasiƙar da Shugaba Ford na Amurka ya aiko yana neman a ja baya. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta janye kuɗaɗenta daga bankin Barclays saboda reshensa na Afirka ta Kudu ya sayi takardun lamunin tsaron gwamnatin wariyar launin fata.

A 1979 abubuwa uku suka haɗu. Juyin juya halin Iran ya yanke wa Afirka ta Kudu babbar hanyar samun mai. Wani jirgin dakon mai, Kulu, mallakar 'yan Afirka ta Kudu, wanda BP ya ɗauko haya, ya shigo Bonny yin lodi. Sannan Margaret Thatcher, wadda ta hau mulki a watan Mayu, ta nuna alamar za ta amince da gwamnatin Abel Muzorewa a Rodeshiya, wadda tsirarun fararen fata ke juyawa ta bayan fage, ta kuma sassauta wa BP hanyar musayar mai da zai amfani Afirka ta Kudu. A ranar 31 ga Yuli, jajibirin taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka, Legas ta sanar da ƙwace kadarorin BP. A farkon watan an riga an ɗaga kason gwamnati zuwa kashi 60. Da aka haɗa da kashi 20 na BP, NNPC ya zama mai kashi 80, Shell mai 20. Gidajen man BP suka koma AP.

Ministan harkokin wajen Ingila, Lord Carrington, ya fusata a bainar jama'a. Amma daga Lusaka aka wuce taron Lancaster House, kuma a watan Afrilun 1980 Zimbabwe ta sami 'yanci. Masana tarihi suna jayayya a kan nauyin da matakin Najeriya ya yi a wannan sauyi, wasu ma na ganin neman ƙarin ɗanyen mai da gwamnati za ta sayar da kanta ya fi Rodeshiya ƙarfi a lissafin gwamnatin Obasanjo. Abin da babu jayayya a kansa shi ne, kamfanin da aka kifar da gwamnati dominsa a Tehran, an sallame shi a Legas ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Dalilan a fili suke. Duniya na cikin ƙishin mai, Najeriya na fitar da ganga miliyan 2.3 a rana, ita ce ta biyu bayan Saudiyya wajen sayar wa Amurka, har Shugaba Jimmy Carter ya zo Legas a 1978. Ita ce kuma babbar kasuwar kayan Ingila a Afirka. An bar Shell yana gudanar da rijiyoyin, saboda haka mai bai tsaya ba. An kuma biya BP diyya da ɗanyen mai a zamanin Shagari. Ƙarfin Najeriya a ranar, kasuwa ce ta ara mata.

Bututun da ya nufo Arewa

Ga mutumin ƙasar Gwandu, aikin NNPC da ya fi taɓa shi shi ne rabon tataccen mai. Matatar farko Shell-BP ne ya gina ta kusa da Fatakwal a 1965. Ƙarancin mai na tsakiyar shekarun 1970 ya sa aka yi shirin ƙarin matatu da bututu da daffo-daffo. Ta Warri ta fara aiki a 1978. Ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, an buɗe ta a 1980 a mulkin Alhaji Shehu Shagari. Da aka ƙara sabuwar ta Fatakwal a 1989, matatun huɗu suka kai ƙarfin tace ganga 445,000 a rana.

Matatar Kaduna ta sha bamban da sauran. Ɗanyen mai na zuwar mata ta bututu daga Escravos, tafiyar ɗaruruwan kilomita. An kuma yi mata sashe na biyu mai fitar da baƙin mai da kwalta da kakin kyandir, wanda ke buƙatar ɗanyen mai mai kauri irin na Benezuwela da ƙasashen Larabawa, domin na Najeriya tsinkakke ne. Daga Kaduna bututu ya wuce Zariya ya rabu, wani ya nufi Kano, wani ya nufi Gusau. Daffon Gusau ne aka tsara ya ciyar da tsohuwar jihar Sakkwato, wadda aka ciri Kebbi daga cikinta a 1991. Tankokin mai su yi lodi a can, su biyo ta Sakkwato su sauko Jega, mararrabar da hanya ke rabuwa zuwa Birnin Kebbi da Yawuri.

Akwai wani ginshiƙi da ba a cika ambata ba. A 1973 gwamnati ta ce a sayar da lita farashi ɗaya a ko'ina, a 1975 kuma ta kafa asusun daidaita farashi, wanda ke biyan dillalai kuɗin dakon mai zuwa wurare masu nisa. Da wannan ne direban Jega ya riƙa shan mai, a hukumance dai, kuɗi ɗaya da na Apapa. Lita tana kwabo 15.3 a 1978, kwabo 39.5 a 1986, naira 11 a 1994. Arahar nan ce ta sa ƙaramin injin ban ruwa ya kori jigo a fadamun Kebbi, noman shinkafa da albasa da tattasai na rani ya bunƙasa. Ita ce kuma ta raya fasa-ƙwaurin mai zuwa Nijar da Binin, da 'yan bumburutu masu jera jarkoki a bakin titi duk sa'ad da gidajen mai suka rufe ƙofa. A Nuwamban 2019 har sai da hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Kamba da makwabtansu suka ji a jikinsu.

Sannu a hankali rashin gyara da fasa bututu suka kassara tsarin. Mai ya bar bin ƙarƙashin ƙasa ya hau titi. Tankoki suka koma yin tafiyar kwanaki daga Legas, suna cin kwalta suna cin rayuka, asusun daidaita farashi kuma yana tara bashi.

Da kasuwa ta juya baya

Aron da kasuwa ta bayar, ba ta daɗe ba ta karɓe. Daga 1981 mai ya yi yawa a duniya. Man Tekun Arewa na Ingila da Norway irin na Najeriya ne, da suka rage farashi sai kamfanoni suka rage ɗauka a Bonny da Forcados, abin da ake fitarwa ya faɗo ƙasa da ganga miliyan ɗaya. A watan Maris na 1982 sai da Saudiyya ta yi wa kamfanonin barazana kafin su sassauta. Wata guda bayan haka Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu. Babu sojan waje da ya sauka, babu jirgin yaƙi. Ƙin saye kawai ya isa.

A 1986 ganga ta faɗo kusan dala goma. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shiga shirin SAP, ta kuma sa hannu a yarjejeniyar da ta lamunce wa kamfanoni ribar dala biyu a kowace ganga, domin su ci gaba da zuba jari. Dakta Rilwanu Lukman, mutumin Zariya, shi ne ministan mai a lokacin, ya kuma shugabanci OPEC a shekarun da ƙungiyar ke fafutukar tsayar da farashi, kafin ya zama babban sakatarenta daga 1995 zuwa 2000. A 1988 aka rarraba NNPC zuwa rassa, aka mayar da sashen sa ido ma'aikata. Daga 1989 aka fara sayar da wani ɓangare na kason da aka karɓe daga BP, har zuwa 1993 rabon ya tsaya a NNPC 55, Shell 30, Elf 10, Agip 5. Da aka buɗe teku mai zurfi a 1993, sharuɗɗan da aka ba kamfanoni masu sauƙi ne ƙwarai, BP ma ya dawo neman rabonsa.

Abin lura shi ne kamfanin iskar gas na NLNG, wanda aka yi wa rajista a 1989 ya fara fitar da kaya a 1999. NNPC na da kashi 49 ne kawai a ciki, ba shi ke juya shi ba, kuma yana cikin jarin da suka fi kawo wa ƙasa riba a kai a kai.

A ɗaya gefen, mutanen da ake haƙa a ƙasarsu sun ga abin da Bahaushe ke cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Da gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas a Nuwamban 1995, an dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, amma ba a sa wa ɗanyen manta takunkumi ba. Manyan ƙasashe kan sa baki idan an taɓa hanyar mai, su kau da kai idan hanyar na buɗe.

Lissafin da ya gagara

Tambayar ina kuɗin suke ta taso NNPC na da shekara biyu. Zargin ɓatan naira biliyan 2.8 ya sa Shagari ya kafa kwamitin Mai Shari'a Ayo Irikefe a 1980. Kwamitin bai sami shaidar ɓatan kuɗin ba, amma ya gano littattafan kamfanin sun yi shekaru ba a tantance su ba, kuma miliyoyin gangunan da suka kamata su zama rabon gwamnati ba a ɗauke su yadda ya dace ba. Shekara talatin da uku bayan haka, Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya rubuta wa Shugaba Goodluck Jonathan cewa akwai kuɗin mai da ba su shiga asusun tarayya ba, daga baya ya tsaya a kan dala biliyan 20. An dakatar da shi a Fabrairun 2014. Masu binciken PwC suka ce a mayar da dala biliyan 1.48, suka kuma nuna yadda kamfanin ke cire kuɗin tallafi da na hidima tun kafin kuɗi su isa asusun da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi.

Sai a 2020, yana da shekara 43, NNPC ya fara buga tantanceccen lissafinsa ga jama'a. A lokacin matatun huɗu duk sun tsaya, ƙasar da ke cikin manyan masu fitar da ɗanyen mai a Afirka tana shigo da kusan duk fetur ɗin da take sha. A 2022 tallafin mai ya ci sama da naira tiriliyan huɗu, kamfanin ya shafe watanni bai zuba ko kwabo a asusun rabon ba. Amurka ma, wadda a tsakiyar shekarun 2000 ke sayen ganga miliyan ɗaya a rana daga Najeriya, ta sami nata man, har a watan Yulin 2014 ba ta sayi ko ganga ɗaya ba.

Sabon suna, tsohon aiki

Bayan kusan shekara ashirin ana jan ƙafa, Buhari, wanda ya buɗe kamfanin yana kanar, shi ya sa hannu a dokar masana'antar man fetur a Agustan 2021 yana shugaban ƙasa. Dokar ta mai da NNPC kamfanin kasuwanci mai rajista, ta kafa hukumomin sa ido guda biyu a wajensa, ta rushe asusun daidaita farashi, ta kuma ware kuɗi don neman mai a sabbin yankuna, ciki har da na Sakkwato da Chadi da Binuwai. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuma nisan gari daga bakin teku ya dawo cikin farashi. Manoman rani da dama a Kebbi suka rage fili, masu hali suka koma injin gas ko mai aiki da hasken rana.

Fetur ɗin gida da ya dawo kasuwa a Satumban 2024 daga matatar Aliko Ɗangote ya fito, mai ƙarfin ganga 650,000, inda NNPC ke da kashi 7.2 kacal. Kamfanonin da aka yi ta kokawa da su a shekarun 1970 kuwa, da kansu suke barin tudu da ruwa mara zurfi: Agip ya sayar wa Oando, Mobil ya sayar wa Seplat, Shell ya miƙa wa Renaissance a 2025, suka koma teku mai zurfi. Igiyar da ke hannun waje yanzu ta bashi ce, kamar rancen dala biliyan 3.3 na 2023 da za a biya da ɗanyen man da ba a riga an haƙo ba.

A ƙetaren Kamba, Nijar na tsaye kusa da inda Najeriya ta tsaya a farkon tafiyarta. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, kashi 60 nata na kamfanin CNPC na Sin ne. Bututun da ke kai man Agadem gaɓar tekun Binin ya ratsa ta Gaya, kuma tun 2024 rikicin siyasa ke buɗe shi yana rufe shi. A 2025 sojojin da ke mulki a Yamai suka kori wasu manyan jami'an kamfanonin Sin, suna neman ƙarin iko a kan arzikinsu. Tarihin NNPC ya nuna wannan mataki mai yiwuwa ne, idan an dace da lokaci. Ya kuma nuna abubuwa uku da Najeriya ta daɗe tana jan ƙafa a kansu: raba mai ciniki da mai sa ido, zuba kuɗin mai gaba ɗaya a asusun jama'a kafin kowa ya ciri nasa, da buga lissafi duk shekara inda ɗan majalisa da ɗan jarida da shugaban ƙaramar hukuma za su iya karantawa. Na uku ya samu a 2020, na farko ya kammala a 2021. Na biyu kuwa, gwamnoni da kamfanin sun daɗe suna jayayya a kansa a teburin rabon arzikin ƙasa.